Guntun Noti A Cikin Inji

Duk wanda ya daɗe yana zama a garejin kanikawa ya san akwai wata ƙara da ba a son ji. Ba ta da ƙarfi, ƙas ce kawai, sai sifana ta yi sakwaf a hannu. Noti ya karye ke nan, kansa ya faɗi ƙasa, gindinsa ya maƙale a cikin inji.

A Agege ta Ikko an yi wani tsohon bakanike wanda ya yi suna wajen cire irin wannan guntu. Yawancin aikinsa a kan Fijo 504 ne, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Wata rana wani direba mai jigilar Kano ya kawo motarsa domin salansa na huci daga bakin inji. Yaron gareji ya sa sifana mai lamba 13, ya danna da ƙarfinsa na samartaka, noti ya tsinke daidai da fatar inji, ko abin da filaya za ta kama bai rage ba.

Hankalin direba ya tashi, gama motar ba tasa ba ce, kuma kowane sawu akwai kuɗin da mai ita ke jira. Ya ce, "Baba, a kawo injin huji a huda shi mana, ina da lodi da yamma."

Tsoho ya ce, "Ɗana, garin gyaran gira akan rasa ido."

Yana da hujja. Kan injin wannan mota na alminiyom ne, notin kuwa ƙarfe. In zafi ya kama su, alminiyom yakan buɗe kusan ninki biyu na ƙarfe, in sun huce su koma. Shekara da shekaru ana haka, ga tsatsa tana shiga tsakani, har su zama kamar abu guda. To, kaurin notin milimita 8 ne kacal, kuma ya fi abin da ke kewaye da shi tauri. Bakin huji ya ɗan zame kaɗan, sai ya bar ƙarfe ya faɗa cikin alminiyom, ya cinye haƙoran ramin. In kuwa ya zarce, yana iya fasa hanyar ruwan da ke sanyaya inji, a wayi gari ana neman kuɗin wani kan injin. Ƙarfen nan mai murɗiya da ake sayarwa domin zaro guntu shi ma bai amince da shi ba, saboda taurinsa ya sa yakan tsinke a ciki, kuma bakin huji ba ya cinsa.

Saboda haka ya bar inji ya huce, ya goge wurin, ya ɗiga kananzir, ya riƙa ƙwanƙwasa guntun a hankali. Daga nan ya cire kan batir, ya kira mai walda. Aka ɗora washa a kan guntun aka liƙe, aka ɗora sabon noti a kan washar aka cika cikinsa da walda. Hikimar ita ce waldar ƙarfe ba ta kama alminiyom, zafinta kuma yana ratsa guntun ya farfasa tsatsar da ta riƙe shi.

Na farko ya ɓalle. Na biyu ma haka. Direba ya dubi rana, ya tafi masallaci. A na uku tsoho ya karɓi sifana da kansa, ya ɗan ɗaure kafin ya kwance, gaba kaɗan, baya kaɗan, yana sauraro da tafin hannunsa. Can sai guntun ya yi ƙara siririya, ya motsa. Ya miƙa wa yaron sifana ya ce, "Ƙarasa, ka ji yadda yake tafiya. In ya cije, tsaya."

Lodin yamma dai ya wuce. Da aka zo biya, direba ya yi gunaguni, wai yini guda a kan ƙarfen da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Tsoho bai yi musu ba. Ya ɗauki guntun ya sa masa a tafin hannu, ya ce ya biya kasuwar kayan mota ya tambayi kuɗin kan inji, sa'an nan ya dawo su yi ciniki. Direba ya juya guntun sau biyu, ya sa hannu a aljihu.