Yaran Nan Biyu Masu Fararen Riguna



Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayin da ke gefen ofishin ƙungiya ya san yaran nan biyu. Farar riga mai gajeren hannu, baƙin wando, nektai a wuya, ɗan baƙin allo mai ɗauke da suna a aljihun gaba, da jaka a kafaɗa. Kullum su biyu, kullum a ƙafa. Mun daɗe muna ganinsu suna wucewa ba mu san ko su waye ba. Wasu na cewa ma'aikatan banki ne, wasu na cewa masu tallar magani ne.

Ruwan sama ne ya haɗa mu. Wata rana da yamma a tsakiyar damina aka tsuge da irin ruwan nan na Aba mai mayar da titi rafi, suka rugo suka fake a rumfar mai shayi, rigunansu sun manne musu a jiki. Ɗaya daga cikin dattawanmu ya ce a haɗa musu kofi biyu, shi zai biya. Suka yi godiya, suka ce ba sa sha. Ran dattijon ya ɓaci. Ya juyo wajenmu ya ce da Hausa, yana zaton ba sa ji, “Ƙyamarmu suke yi.” Sai gajeren cikinsu ya ɗan rusuna ya ce, da Hausar mutanen Gana, “Baba, ka yi haƙuri. Ganyen shayin ne addininmu ya hana mu. In akwai Milo za mu sha.” Rumfar ta yi tsit, daga nan aka fashe da dariya. Ashe yaron a Kumasi ya tashi, kusa da zangon Aboabo, da yaran Hausawa ya yi ƙwallo tun yana ƙarami. Abokin tafiyarsa, dogon, daga Kongo yake, Faransanci ne a bakinsa, Turancin ma a nan yake koyo.

Daga ranar suka zama 'yan teburi, mu kuma muka fara sanin yadda rayuwarsu take. 'Yan mishan ne na cocin da mutane suka fi sani da Mormon, ko da yake tun 2018 shugabanninsu suka nemi a daina kiransu da wannan suna, a riƙa faɗin cikakken sunan, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Wani mutum mai suna Joseph Smith ne ya kafa shi a 1830 a jihar New York ta Amurka, hedikwatarsa kuma yanzu tana Salt Lake City a jihar Utah. Babban ginin nan nasu da ke nan Aba, wanda aka buɗe a 2005, shi ne haikalinsu na farko a Nijeriya. Bari mu faɗa tun a nan, don kada wani ya yi mana wata fassara: ba su taɓa kawo mana wa'azi ba, mu ma ba mu nema ba. Kowa ya san inda ya tsaya a maganar addini. Maƙwabtaka ce ta haɗa mu.

Abin da ya fara ba mu dariya shi ne laƙabinsu. A jikin allon ƙirjin an rubuta Elda kafin sunan mahaifi, ma'anarsa dattijo. Dattijon nan kuwa shekararsa 19, ko gemu bai tsayar ba. A wurinsu namiji na iya fita wannan aiki daga shekara 18, ya yi shekara biyu cur. Mata wata 18 suke yi. Ba mutum ne yake zaɓar inda zai je ba. Yana cike takardu, a duba lafiyarsa, sannan wasiƙa ta zo daga hedikwata ta ce ga ƙasar da aka tura ka. Ɗan Kumasin ya ce ranar da ya buɗe tasa ya ga Nijeriya, mahaifiyarsa kuka ta yi, saboda labaran da take ji. Ya yi mako uku a makarantar horar da su da ke Akara, sannan aka ɗora shi a jirgi.

Albashi babu. Yaro da iyayensa su ne suke tara abin da za su iya, coci ta cika sauran. Shi ya ce gyaran waya ya yi na kusan shekara guda yana adashi. A nan kuma ana ba su kuɗin abinci da na mota daidai gwargwado, in ka yi facaka a farkon wata ka ƙare shi da garin kwaki. Su suke girkinsu, su suke wankinsu, su suke ɗibar ruwansu.

Yininsu kuwa a lissafe yake kamar na soja. Ƙarfe 6:30 na safe suna tashi, addu'a, motsa jiki na rabin awa, wanka, karin kumallo. Sai kowa ya zauna ya yi karatun littattafan addininsu shi kaɗai na awa guda, sannan su yi tare, su tsara gidajen da za su je a ranar. Dogon yana da ƙarin lokacin koyon Turanci. Wajen ƙarfe 10 sun fita. Daga nan tafiya ce har yamma, unguwa zuwa unguwa, wani ya karɓe su, wani ya rufe musu ƙofa, wani ya yi musu alkawarin ƙarfe biyu su je su tarar da kwaɗo a ƙofa. A ƙa'idarsu ta asali ƙarfe 9 na dare ake komawa gida a kwanta 10:30, amma a nan ba sa bari dare ya yi musu a waje. Mun taɓa ganin ƙasan takalmin gajeren lokacin da ya kawo wa wani ɗanmu gyara, ya cinye har ana hango safa.

Dokar da ta fi ba mu mamaki ita ce ta abokin tafiya. Ba a yarda ɗaya ya rabu da ɗaya ba, dole kowa ya kasance inda ɗan uwansa zai gan shi ya kuma ji muryarsa, in ban da banɗaki. Ɗaki ɗaya suke kwana. Ba kai ka zaɓe shi ba, kuma ko jininku bai haɗu ba haka za ku zauna, har sai ranar sauyin wuri da ke zagayowa duk mako shida, ko a bar ku tare ko a raba ku. Ba budurwa, ba kallon fim, ba waƙoƙin zamani, ba giya, ba taba, ba iyo a ruwa. Duk mako kowa zai rubuta wa shugaban mishan ɗinsu wasiƙa ya faɗi halin da yake ciki. Ranar Lahadin farko ta kowane wata suna azumi, su tsallake abinci sau biyu, kuɗin abincin a ba mabuƙata. Da muka ce mu wata guda muke yi, dogon ya kama baki.

Litinin ce ranar hutunsu, ranar wanki da aski da cefane da kiran gida. Ita ce kuma ranar da a lokacin garin nan yakan yi shiru saboda zaman gidan da aka fara a 2021, don haka a irin waɗannan ranaku muka fi samun hira da su, mu babu kasuwa, su babu yawo. Gajeren ya ce su sun taki sa'a, domin sai a 2019 aka yarda 'yan mishan su riƙa kiran iyayensu duk mako. Kafin nan sau biyu a shekara ake jin muryar gida, sauran duk wasiƙa ce.

A ɗaya daga cikin waɗannan hirarraki wani malamin makaranta cikinmu ya yi masa tambayar da ba ta da daɗi. Ya ce ya karanta cewa cocin nan ya daɗe yana hana baƙar fata matsayin limanci. Yaron bai musa ba. Ya ce haka ne, sai a watan Yuni na 1978 aka ɗage hanin, kuma a watan Nuwamban shekarar 'yan mishan na farko suka iso Nijeriya, suka yi wa wani malamin makaranta na jihar Imo mai suna Anthony Obinna baftisma, bayan ya shafe shekaru yana rubuta musu wasiƙu yana jira. Ya ce shi ma abin yana damunsa in ya tuna. Mun ga girmansa a ranar, don bai yi mana kwana-kwana ba.

To, ga dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Wata Alhamis muka ga mota ta tsaya a ƙofar gidan da suke haya, wani mutum da matarsa suka shiga. Shugaban mishan ɗinsu ne. Washegari dogon ya zo sayen burodi, gajeren na tsaye a bayansa idanu sun kumbura. Mahaifinsa ne ya rasu a Kumasi da asubahin Alhamis ɗin. Kafin la'asar labari ya bi hanyarsa, daga gida zuwa shugaban cocinsu na can, zuwa ofishinsu na nan, zuwa ƙofar ɗakinsa, kuma mutum ne ya zo da ƙafarsa ya zauna ya faɗa masa. Muka tashi mu shida, har da dattijon da ya taɓa cewa ƙyamarmu suke yi, muka je muka yi masa ta'aziyya. Dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, “Ɗana, sai haƙuri. Mu ma da yawanmu a waya muka ji mutuwar iyayenmu.” Yaron ya yi magana da mahaifiyarsa, suka yanke shawarar ya zauna ya ƙarasa wata tara da suka rage masa. Ta waya ya kalli jana'izar. Bayan kwana uku muka gan shi ya ɗaura nektai ya fita, abokinsa na gefensa.

Ba a yi wata guda ba muka yi namu rashin. Yaron nan mai gyaran takalmi, wanda ya sa wa gajeren sabon ƙasan takalmi, zazzaɓi ya kwantar da shi a wani kango inda yake kwana. Kwana huɗu yana kwance babu wanda ya lura ba ya fitowa, kowa na zaton ya canza layi ne. Da aka gano shi aka kai asibiti, bai kwana biyu ba ya cika. Allah Ya jiƙansa. Muka yi masa sutura muka kai shi makwancinsa. Sannan aka zo wurinmu, mu masu riƙe da littafin ƙungiya, aka ce a sanar da iyayensa. Muka buɗe littafi, babu sunansa. Da sunan garinsu ake kiransa, kamar yadda ake kiran rabin yaranmu. Wayarsa ta daɗe da lalacewa. Kwana goma sha ɗaya muna cigiya, sai ta hannun wani direba da ke kawo shanu kasuwar Lokpanta aka samu wanda ya san ƙauyensu. Kwana goma sha ɗaya mahaifiyarsa tana yi wa ɗanta addu'ar samun kasuwa, shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

Shekarun yaran nan biyu kusan ɗaya ne. Dukansu sun baro gida sun zo garin da ba nasu ba, dukansu da ƙafa suke yini. Ɗaya akwai wanda ya san ɗakin da yake kwana, da wanda yake tare da shi, da lambar mahaifiyarsa, kuma in ya yi awa biyu ba a gan shi ba za a sani. Ɗayan kuwa yana tsakiyar 'yan uwansa, masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya da shi, ya yi kwana huɗu a kwance ba a sani ba. Ba mu da kuɗin cocin nan, ba kuma muna cewa a ɗaure yaranmu da irin dokokinsu ba. Amma rubuta suna da lambar waya a littafi ba ya cin ko sisi. Laifin nan namu ne, mu shugabanni muka fi kowa kaso a ciki.

Saboda haka shugabannin ƙungiya suka amince da abu biyu. Na farko, a taron Lahadi mai zuwa bayan la'asar, kowa ya zo da cikakken sunansa, da sunan mahaifi, da gari da unguwa ko ƙauye, da lambobin mutum biyu na gida, da inda yake kwana a nan. Wanda yake da yara a ƙarƙashinsa, a shago ko a baro ko a sayar da ruwa, ya zo da su ko ya kawo bayanansu. Ba za a karɓi kuɗin kowa ba. Na biyu, duk baƙon yaro da ya sauka za a haɗa shi da mutum ɗaya wanda zai riƙa sa ido a kansa, in yini ya wuce bai gan shi ba ya neme shi, in bai same shi ba ya sanar da ofis. Muna roƙon 'yan uwanmu na Fatakwal da Onica da Owerri da sauran wurare su duba nasu littattafan su ma.

Ɗan Kumasin an sauya masa gari a zagayen mako shida da ya biyo baya. Ya zo ya yi mana sallama, kuma da ya ji labarin mai gyaran takalmi ya daɗe yana kallon ƙafarsa. An kawo wa dogon sabon aboki daga Saliyo. Ranar da ya fara zama a teburi, kafin ya buɗe baki mai shayi ya tura masa kofin Milo.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mana yaranmu a duk inda neman halal ya kai su. Sai mun haɗu ranar Lahadi.

Sakataren ƙungiya