Gurasar da Na Karɓa da Hannu Biyu

Baba,

Ina fata kuna lafiya, ku da Mama da ƙannena, kuma ciwon ƙafar ya yi sauƙi.

Akwai maganar da ta daɗe tana cina, na kasa faɗa muku a waya. A watan Janairu aka rage mana awannin aiki a gidan kula da tsofaffi, nan Birmingham. Na biya haya, na turo kuɗin makarantar yara, aljihu ya bushe. Wata abokiyar aikina, mabiyar addinin Sikh, ta lura shayi kawai nake kurɓa da rana. Ba ta tone ni ba. Cewa ta yi in raka ta wurin ibadarsu a Smethwick, wanda suke kira gurdwara.

Na yi ta jan ƙafa, Baba. Ɗan fasto a ɗakin ibadar wasu? Wa'azinku kan abincin da aka miƙa wa gumaka ya yi ta dawo mini. Amma da na je ban ga gunki ba, kuma ba wanda ya tambayi addinina. Na tuɓe takalma, na ɗaura ƙyalle a ka, na wanke hannu, muka zauna a ƙasa sahu-sahu. Wani dattijo mai rawani da farin gemu ya zo da kwandon gurasa. Na miƙa hannu ɗaya, ya yi murmushi ya nuna mini in haɗa biyu. Haka kowa ke karɓa, mai kuɗi da talaka. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa farantina. Daga baya na ji shaguna gare shi, amma da idona na gan shi yana wanke-wanke.

Wannan ciyarwa, langar, tun daga Guru Nanak take, wanda ya kafa addinin Sikh, an haife shi a 1469 a yankin Punjab. Kullum ake yi, kyauta, ba nama, don kowa ya iya ci.

A bas, kan hanyar gida, wasiƙar Yakubu sura 2 ta faɗo mini, inda ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau su bar matalauci a tsaye. Na haddace ta tun a makarantar Lahadi, amma ban taɓa ganin ta da ido ba sai a can. Na tuna bikin godiyar girbi a gida: babban teburi, kaji da lemo a gaban manyan baƙi, gwauraye da yara a bakin ƙofa suna jiran abin da ya rage. Ni ne ma mai kai farantan. Na yi kuka.

Kada hankalinku ya tashi, ina nan riƙe da Almasihu. Ku ne kuka koya mini cewa Yetro, firist na Madayana, shi ya nuna wa Musa yadda zai raba aikin shari'a, kuma 'yar baiwa ce ta nuna wa Na'aman hanyar warkewa. Allah ya ga dama ya gyara ni ta hannun mai rawani, na kuwa gode masa.

Roƙo nake, Baba. Dattawan ikilisiya suna jin maganarku. A bikin bana, ko za a shimfiɗa tabarmi kowa ya zauna, a fara zuba wa gwauraye? Aiki ya dawo, zan turo kuɗin buhun shinkafa ɗaya a ƙarshen wata.

A gaishe mini da Mama.

Ɗanku.