Kiɗan kantiri da sunan da ba a rubuta a faifai ba

Ƴan ɗakinmu suna ce masa kiɗan tsofaffin direbobi, kuma ba su faɗi daidai ba kawai don zolaya. Kaset ɗin Jim Reeves da na Don Williams ta hanyar Jibiya suka shigo gidanmu, cikin kamiyon kawuna. Bai jin Inglishi ko kalma goma, amma ya san waƙar da mutum yake kukan matarsa da wadda yake kewar gida. Wannan zolayar ba ta damuna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa kiɗan Nasara ne zalla, ba ruwan baƙar fata da shi.

Ku dubi banjo. Asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata, aka sa mata sanda da tsirkiya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan, kuma yana da ɗan'uwa a Kazamans da ake kira akontin. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gurmi, in ya ga hoton tsohon banjo ba sai an yi masa bayani ba.

A 1927 wani ɗan kamfanin faifai, Ralph Peer, ya kafa na'urarsa a garin Biristol, kan iyakar Tenesi da Bajiniya. Nan ya ɗauki muryar Jimmie Rodgers da ta iyalin Carter, talakawan tsauni masu waƙar coci da mutuwa da jirgin ƙasa. Daga nan ake ƙirga farkon kasuwar kantiri. To amma waƙoƙin A.P. Carter ba daga kansa duka suka fito ba. Yawo yake ƙauye-ƙauye yana roƙon tsofaffi su rera masa, tare da wani baƙar fata mai ƙafa ɗaya, Lesley Riddle. Carter ya rubuta kalmomi, Riddle ya haddace karin, su dawo gida ya koya wa Maybelle da Sara. Faifai ya fito, sunan Riddle babu. Wallahi duk sanda na ji gitar Maybelle sai na tuna da shi.

Haka Hank Williams, wanda ya rasu cikin mota a 1953 yana da shekara 29. Wani makaɗin titi baƙar fata, Rufus Payne, shi ya koya masa gita a Alabama.

To ta ina aka raba su? A shago. Kamfanoni suka ware faifan baƙaƙe a wani jeri, na fararen ƙauye a wani, don kowa ya sayi nasa. Mawaƙan kuwa gona ɗaya suke noma, talauci ɗaya suke sha.

Ban ce ku bar rap ko Shata ba, ni ma ban bari ba. Kuma gaskiya wasu waƙoƙin kantiri na yanzu, masu yabon mota da giya, ko kyauta ban so. Tsofaffin nake nufi, masu ƙarar faifai kamar ana suya. Ina da wajen talatin a tarhona. Mai so ya same ni bayan la'asar in tura masa, amma da sharaɗi: sai mun saurari ta farko tare, shiru, har ta ƙare.