Allon Mota a Hanyar Tabanni

Toyota RAV4, wadda aka fara ƙerawa a 1994, yanzu cikinta sai ka ce falon attajiri: kujeru masu laushi, sanyi na busowa, ga allo gaban direba mai nuna taswira. Mu malaman makaranta dai leƙe muke ta gilashi, albashi bai kai can ba.

To amma allon bai san dajinmu ba. Yana nuna hanyar Birnin Gwari sarai, ba ya nuna waɗanda suka tare ta. A 2021, da aka katse layukan waya, mai RAV4 da mai tsohuwar Golf tare muke tsayawa a Tabanni, muna jiran mota ta fito mu tambaya, "Direba, gaba lafiya?"