Takobin haske: Yadda son fim ya mai da malamin makaranta maƙeri

MASOYAN fim iri-iri ne. Akwai wanda soyayyarsa ta tsaya a kan fosta: ya sayo hoton jarumin da ya ke so, ya manna a bangon ɗaki, shi ke nan. Akwai mai haddace waƙoƙin fim tun daga farko har ƙarshe, ko daga barci aka tashe shi zai rera. Akwai kuma wadda da ta ga ɗinki a jikin jaruma, washegari tana wurin tela. To, a Amurka da Turai akwai wasu masoyan da abin nasu ya zarce haka. Su abin da ke hannun ɗan wasa su ke ƙura wa ido: bindigar da ya riƙe, hular da ya sa, takobin da ya zare. Kuma ba sa samun sukuni sai sun ƙera irinsa da hannunsu.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane wani malamin makaranta ne a Amurka, mai koyar da tarihi, wanda yanzu furfura ta cika masa kai. Yana ɗan shekara goma aka saki fim ɗin Star Wars na darakta George Lucas, ranar 25 ga Mayu, 1977. Kamar sauran yaran zamaninsa, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne takobin nan na haske, wanda tsoho Obi-Wan (Alec Guinness) ya ciro daga akwati ya miƙa wa saurayi Luke (Mark Hamill), ya shaida masa cewa na mahaifinsa ne. Ƙota ce kawai ta ƙarfe, ba ta wuce tsawon rular makaranta ba, amma da an danna makunni sai ruwan takobi na tsantsar haske ya fito, yana wani irin gurnani. Yaron ya yi ta kwaikwayo da tocila da sandar tsintsiya har ya girma.

Abin da bai sani ba a lokacin shi ne, ainihin wannan ƙota tana nan cikin gidansu, a cikin jakar aikin babansa.

Ga yadda abin ya ke. Lokacin da ake shirin fim ɗin a Ingila a 1976, kuɗin da kamfani ya ware bai taka kara ya karya ba idan aka duba girman aikin, domin duka-duka kimanin dala miliyan 11 aka kashe. Wanda aka ɗora wa nauyin ƙawata wuraren ɗaukar fim, wani Baturen Ingila mai suna Roger Christian, sai ya koma bin 'yan gwangwan da shagunan tsofaffin kaya. A wani shagon kayan hoto a Landan ya ci karo da tsofaffin mariƙan filashin kyamara na kamfanin Graflex, irin waɗanda masu ɗaukar hoton jarida su ka yi yayi a shekarun 1940. Bututu ne na ƙarfe mai sheƙi, ana zuba masa manyan batira uku, a sa masa ƙwan fitila a ka. Abin nema ya samu! Christian ya cire faifan da ke haska fitilar, ya yanka wasu baƙaƙen layukan roba ya manna a gindin bututun don ya yi kama da mariƙi, ya ciro ɗan gilashi mai ƙuraje daga fuskar wata tsohuwar kalkuleta ya soka a tsakiya, sannan ya maƙala zobe a ƙasa don a rataya a ɗamara. Takobin Luke ke nan.

Haka aka yi wa sauran. Na Darth Vader ma mariƙin filashi ne, na wani kamfanin Ingila mai suna MPP. Na Obi-Wan kuwa haɗin gambiza ne: wani ɓangare na injin jirgin sama na Rolls-Royce, da jikin tsohon gurneti, da kan famfon wanke hannu. Shi kuma gurnanin takobin, wani matashi mai suna Ben Burtt ne ya haɗa shi daga ƙugin motar tsohon injin majigi da kuma zizar da makirufo ke kamawa idan aka kusanta shi da talabijin. A 1978 Christian da abokan aikinsa uku su ka karɓi kyautar Oscar ta tsara dandali, shi ma Burtt aka ba shi ta musamman saboda sauti.

Mahaifin malamin nan mai ɗaukar hoto ne a wata ƙaramar jarida. Bayan rasuwarsa, da aka zo raba 'yan komatsansa, sai jakar kyamarar ta faɗo a rabon malamin. Yana buɗewa ya ga bututun nan kwance, duk chrome ɗinsa ya dushe a daidai inda tafin hannun tsohon ke kamawa. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane shi, domin a lokacin labarin Graflex ya riga ya bazu a tsakanin masoyan fim ɗin, har ta kai abin da a da ake zubarwa a bola ya koma ana sayar da shi ɗaruruwan daloli. Masu tara tsofaffin kyamarori sun daɗe suna kuka da 'yan Star Wars a kan sun ƙarar da shi a kasuwa.

A nan ne fa hankalinsa ya rabu biyu. Burin da ya ke ɗauke da shi tun yana yaro ga shi a tafin hannu. Amma kafin filashi ya zama takobi, sai an shafa masa gam, an huda gindinsa, in kuma ana son ya yi haske da ƙara sai an ƙwaƙule cikinsa kaf. Wannan kuwa shi ne abin da tsohon ya ci abinci da shi, ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Mutumin da ya shafe shekaru yana koya wa yara darajar kayan tarihi, ya za a yi ya ɗora injin huji a kan na gidansu? Wata da watanni jakar na ajiye, ya buɗe ya duba ya rufe.

Mafitar da ya samu ita ce ƙunshin kayan haɗi. Saboda ainihin Graflex ya yi wuya, wasu ƙananan masana'antu sun shiga ƙera kwafinsa, su sayar da shi a wargaje ta intanet, mai saye ya harhaɗa da kansa. A cikin kwalin akwai bututun sama da na ƙasa, da ɗamarar ƙarfe da ke haɗe su, da 'yan ƙarafa biyu na saman kai da ake wa laƙabi da kunnen zomo, da jan maɓalli, da layukan roba, da zobe, da wasu 'yan mitsi-mitsin sukurori waɗanda in ɗaya ya faɗi ƙasa sai an yi rarrafe.

Tun kafin ya taɓa komai sai da ya yanke shawarar wane takobin zai yi, domin ba ɗaya ba ne. Na fim ɗin 1977 layukan roba bakwai gare shi, manne da gam, da gilashin kalkuleta a tsakiya. Na kashi na biyu, The Empire Strikes Back na 1980, wanda a cikinsa Vader ya datse hannun Luke takobin ya faɗa rami, layuka shida ne, an ɗaure su da ƙusoshi, kuma an maye gurbin gilashin da ɓallin allon lantarki. Mai kallo na yau da kullum ba zai taɓa lura ba, amma a wurin masu wannan harka bambancin kamar na dare da rana ne. Ya zaɓi na 1977, wanda ya fara gani.

Layuka bakwai ɗin nan su ne jarrabawar farko. Raba da'ira gida shida abu ne mai sauƙi, amma gida bakwai sai an yi lissafi, don kowane gida ya kan kama digiri 51 da 'yan kai. Sai ya naɗe bututun da takarda, ya auna, ya ja layi da fensir, ya riƙa manna ɗaya yana jira ta bushe kafin ya sa ta gaba. Gaggawa kaɗan, layi ya karkace, kuma duk wanda ya san abin zai hango daga nesa.

Jarrabawa ta biyu ita ce lantarki, ga shi mutumin bai taɓa riƙe ƙarfen liƙin dalma ba. Ruwan takobin na zamani bututu ne na roba mai tauri, faɗinsa inci ɗaya, tsawonsa kusan ƙafa uku, an jera ƙananan fitilu a cikinsa waɗanda ke kamawa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa ake ganin kamar hasken tsirowa ya ke yi. A cikin ƙotar kuma dole a cusa batir mai caji, da 'yar lasifika, da wani ɗan allo da bai fi ɗan yatsa ba. Wannan allon shi ne ƙwaƙwalwar takobin: yana jin motsi, in an wulwula ya canza gurnani, in an buga ya yi ƙara. Duk waɗannan cikin bututun da aka yi don batira uku kacal. Kuma ba wasa ba ne, domin irin wannan batir in wayoyinsa su ka haɗu yana iya kamawa da wuta. Wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran rediyo ne ya zaunar da shi ya koya masa liƙi, ya sa shi ya yi ta gwaji a kan matattun alluna sai da hannunsa ya daina rawa. Malami ya koma ɗalibi.

Mai karatu zai iya tambaya, duk wannan wahala ta mece ce? Ai akwai na kanti. Tun a farkon shekarun 2000 kamfanin Master Replicas ya fito da takubba masu haske da ƙara. Kamfanin Disney, wanda ya sayi Lucasfilm a 2012 a kan sama da dala biliyan 4, ya buɗe wani shago a wurin shaƙatawarsa a 2019 inda baƙo zai biya kimanin dala 200 a lokacin, ya haɗa nasa cikin 'yan mintoci. Masu hannu da shuni kuma na asalin su ke bi: a 2022 an yi gwanjon bindigar Han Solo a kan sama da dala miliyan 1, a 2025 kuma takobin Darth Vader ya haura dala miliyan 3 da rabi. Amma mai saye abu kawai ya mallaka. Wanda ya haɗa da hannunsa ya bi sawun Christian taki-taki, ya ɗanɗana abin da mutanen bayan kyamara ke sha, kuma daga ranar kallon fim ɗinsa ya canza. Malamin nan yanzu ba ya tashi sai ya karanta sunayen ƙarshen fim kaf.

Ranar da ya kammala, ya kashe fitilar ɗaki ya danna maɓalli, shuɗin haske ya miƙe, jikarsa ta yi tsalle ta ce, "Kaka, na gaske ne?" Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Sai dai a wannan harka maganar tana da wuyar yankewa, tunda shi kansa na cikin fim ɗin filashin kyamara ne da aka yi wa kwalliya, haskensa ma zana shi aka yi a kan hoto bayan an gama ɗauka. Ya ce mata na gasken yana cikin jaka, kuma aikinsa ɗaukar hoto ne. Filashin tsohon na nan yadda ya bar shi, ba huji ba gam.

Akwai abin dubawa a nan ga masoyan finafinan Hausa. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, an yi finafinan sarauta da na yaƙi da na bokaye ba adadi, kuma kowane takobi, kowace garkuwa, kowace ƙwarya da aka gani a cikinsu wani ne ya nemo ko ya ƙera, sau da yawa da kuɗin da bai kai ya kawo ba. Kowa ya san sunan jarumin da ya riƙe takobin. Wa ya san sunan wanda ya kawo shi lokeshin, kuma ina takobin ya ke yanzu? Matashin da ke ganin rashin kuɗi ne ya hana shi shiga harkar fim, ya tuna cewa takobin da ya fi kowane suna a tarihin sinima daga kwalin tsofaffin kaya ya fito. 'Yan gwangwan kuwa ba su ƙare a gari ba.