Rugar Bayan Gonarmu

Da an gama yankan dawa, kakanmu yakan aika wa Arɗo goro. Ba a daɗewa sai ga garke ya sauka a gonarmu ta bayan gari, can wajen Shika a ƙasar Zazzau. Fararen shanu ne, Bunaji, masu baƙin hanci da baƙin kunne. Su ci karan dawa da harawar da ta rage, su bar mana kashinsu. Taki ke nan, ba na buhu ba, kuma duk inda garke ya kwana sai dawar baɗi ta nuna.

Sanyin asuba ba ya hana mu zuwa kallon tatsa. Tun daga nesa hayaƙin busasshen kashin shanu ke tarar mutum, wanda ake turarawa don korar ƙuda, a gauraye da ƙanshin ɗanyar madara. Maruƙa na jere a dangwali suna kuka, uwayen na amsawa. Sai a kwance ɗaya ya ɗan tsotsa, nono ya sauko, a janye shi, Baffa, mai garken, ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Da farko ƙarar madarar siririya ce a gindin ƙwarya, sannan ta yi kauri idan kumfa ta taso. Ba ya taɓa tatse saniya ƙaf. Yakan ce ɗanta ne ya ara mana.

Akwai wata tsohuwar saniya da ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Ranar da ya tafi kasuwar Giwa, haka ta riƙe nononta, manyan maza uku suna lallashi, ita kuwa tana tuƙa abinta.

Matarsa, da muke kira Goggo, ita ke da madara daga nan. Ta zuba a ƙwaryar da ta sha wanki da rana, ta ɗiga ɗan nonon jiya, ta rufe da faifai. Gari na wayewa ya zama kindirmo, sai an sa ludayi an yanka. Wanda ta kaɗa ta cire mai shi ne tsala, man kuma ta cura shi ƙanana ya yi ta yawo a kan nonon. Idan ta shigo gidanmu, kakarmu ta auna mata gero, ita ta auna nono, kuɗi bai shiga tsakani ba. "Ƙawata, bari in ƙara wa ɗan Kaɗon nan," in ji Goggo, ta miƙo mini ludayi guda gyara.

Ciyawa, dusa, kanwa da 'ya'yan gawo da rani, abincin shanun ke nan. Kaska da hannu ake cirewa. Yau a Turai irin wannan madarar ce mai tsada, har sai hukuma ta ba gona takardar shaida cewa ba ta amfani da takin zamani ko maganin feshi na zamani.

Bushiya ta 1983 ta yi wa garken Baffa mummunar ɓarna, duk da allurar rigakafin da ake yi a Vom a lokacin. Da ragowar ya yi kudu neman ciyawa. Mu kuma muka koma takin buhu, jama'a ta ƙaru, burtalin da shanu ke bi zuwa rafi aka noma shi kaɗan-kaɗan. Ba na ganin laifin kowa, kowa abinci yake nema. Jikokina dai madarar gari suka sani, kuma da na kawo musu kindirmo daga ƙauye, ƙaramar cewa ta yi a sa mata sukari.