Darasin Sanda da Ƙwallo a Garin St Andrews

Wani taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Edinbara, babban birnin Sikotilan, a lokacin zafinsu, wanda a wurinmu bai wuce sanyin farkon hunturu ba. Da taron ya watse sai na ga ina da rarar kwana biyu kafin jirgina ya tashi. Na hau jirgin ƙasa na nufi arewa, muka ƙetare tsohuwar gadar ƙarfe ta Forth da aka buɗe a 1890, na sauka a tashar Leuchars, domin St Andrews ba ta da tashar jirgin ƙasa tun 1969. Daga nan motar bas ta ƙarasa da ni cikin gari.

Dalilai biyu suka kai ni. Na farko, jami'ar garin, wadda aka kafa a 1413, ita ce mafi tsufa a Sikotilan. Na biyu kuwa, shekara shida ke nan ina buga wasan golf a Kaduna duk ƙarshen mako, ba tare da wani ci gaban a zo a gani ba, ga shi kuma duniya ta yi ittifaƙi cewa St Andrews ne mahaifar wasan.

Garin ƙarami ne, gine-ginensa na dutse ne ruwan toka, iska kuma ba ta daina kaɗawa daga teku. Tsohon filin wasan, wanda suke kira Old Course, yana shimfiɗe tsakanin gari da bakin ruwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin ƙyalƙyalinsa. Ƙasa ce mai tudu da kwari, ga ciyawa gajera, ga ramukan yashi 112 da aka baza kamar tarko. A nan ne a 1764 aka rage ramukan wasa daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ke bi har yau. Tun kafin nan wasan ya shiga ran mutanen ƙasar, har Sarki James na Biyu ya haramta shi a 1457 saboda yana shagaltar da samari daga koyon harbin baka. Filin mallakar jama'a ne, kuma galibin ranakun Lahadi ba a wasa a cikinsa, sai ka ga iyalai suna yawo da 'ya'yansu a kan ciyawar da zakarun duniya ke takawa. Na tuna filayen unguwanninmu da aka yanka aka yi shaguna, na yi shiru.

Washegari na je filin horo da ke kusa, na biya kuɗin darasin awa ɗaya. Malamin dattijo ne mai furfura, marar yawan magana. Ya tsayar da ni, ya ajiye wata na'ura mai kama da ƙaramin akwati a bayana, ya ce in buga ƙwallo goma. Na'urar tana aiki da radar, kamar wadda jami'an hanya ke auna gudun mota da ita. Kamfanin TrackMan na ƙasar Danmak, wanda aka kafa a 2003, yana cikin waɗanda suka yaɗa irin wannan fasaha. Kowane bugu sai allo ya nuna gudun kan sanda, da gudun ƙwallo, da yadda fuskar sandar ta karkata a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallon.

Gani ya kori ji. Shekara shida ina ɗauka ƙarfi ne ya yi mini ƙaranci. Allon ya nuna sandata tana gudun mil 88 a awa, wanda ba abin kunya ba ne ga ɗan koyo mai shekaruna, ko da yake ƙwararrun gasar Amurka sukan haura mil 110. Matsalata tana wani wuri daban. Fuskar sandar tana buɗewa zuwa dama, kuma ina dukan ƙwallon da gefen sanda maimakon tsakiyarta. Dattijon ya bayyana mini cewa sanda da ƙwallo suna haɗuwa ne na kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma inda fuskar sanda ta kalla a wannan ƙiftawar shi ne babban abin da ke yanke inda ƙwallo za ta nufa. Lissafin mai sauƙi ne: karkatar digiri ɗaya tak tana kauce da ƙwallo kimanin yadi uku da rabi a nisan yadi 200, tun kafin juyawar ƙwallon a iska ta ƙara lanƙwasa ta.

Daga nan ya fito da kayan horonsa. Na farko siraran sanduna biyu ne da ya shimfiɗa a ƙasa, ɗaya ta nuna inda nake nufi, ɗaya ta daidaita ƙafafuna. Sai na gane ashe na daɗe ina tsayawa a karkace alhali idona yana gaya mini na miƙe. Na biyu farar hoda ce da ya fesa a fuskar sanda, don kowane bugu ya bar tambarinsa. Na uku sandunan ƙara gudu ne, marasa kai, masu nauyi daban-daban. Ana kaɗa marar nauyi da iyakar ƙarfi ba tare da ƙwallo ba, don jiki ya saba da saurin da ya wuce na kullum, sa'an nan a koma mai nauyi. Matt Fitzpatrick na Ingila ya yi amfani da irin wannan tsari ya ƙara wa bugunsa nisa, ya kuma lashe gasar US Open a 2022.

Na nuna sha'awar sayen sandunan gudun nan take. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce in na ƙara gudu alhali fuskar sandata a buɗe take, zan ƙara nisan ɓatana ne kawai, ƙwallon da take faɗawa gefen fili za ta koma faɗawa cikin ƙaya. Ya ƙara da cewa mai shekara arba'in da ɗoriya da ya kama kaɗa sanda da ƙarfi ba tare da ya motsa jiki ya yi ɗumi ba, bayansa ne zai biya kuɗin. Shawararsa ita ce in yi wata uku da hoda da sandunan saiti, in tambarin ya tattaru a tsakiya, sai in nemi gudu.

Akwai wata doka da ta ƙara mini tunani. Hukumar R&A da ke wannan gari, tare da takwararta ta Amurka, su ke tsara dokokin wasan, kuma sun hana amfani da kayan horo wajen bugu a cikin gasa. Ɗan wasa yana shiga fili da sanduna 14 ko ƙasa da haka, sai abin da jikinsa ya riƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A matsayina na malami, wannan ya taɓa ni. Ɗalibanmu a yau suna da kayan taimako da mu ba mu yi mafarkinsu ba: intanet, da manhajojin da ke warware lissafi, da masu rubuta maƙala cikin daƙiƙa. Ba na cikin masu cewa a ƙwace musu. Na'urar dattijon nan ta gaya mini cikin minti goma abin da na kasa ganowa cikin shekara shida. Amma ta amfane ni ne saboda ta nuna mini kuskurena ta bar mini gyaran. Da ita ce take buga mini ƙwallon, da na dawo gida yadda na tafi. Ɗalibin da ya sa manhaja ta duba masa inda ya kauce yana horo. Wanda ya sa ta yi masa aikin gaba ɗaya zai shiga ɗakin jarrabawa, daga baya kuma asibiti ko kotu ko aji, hannu rabbana. Mu malamai ma da laifinmu, domin sau da yawa maki kawai muke rubutawa a takarda, ba mu nuna wa yaro inda sandarsa ta karkata.

Da yamma na tsaya a kan ƙaramar gadar dutse ta Swilcan da ke rami na 18, wani baƙo ya ɗauke ni hoto. Ban sayi sandunan gudu ba. Da na dawo Kaduna na yanki sandunan gora biyu, na sayi hodar jarirai a kanti. Wata na biyu ke nan, tambarin ya fara matsowa tsakiya. A zangon karatun nan kuma na fara mayar wa ɗalibaina takardunsu da bayanin kuskure a gefe, in ba su mako guda su gyara kafin in sa maki.